Rufin Ɗakin Baba

Litinin, ƙarfe shida da rabi na safe

A cikin akwatin kayan aikin Baba na samo littafin nan, ƙarƙashin zarto. Shafi huɗu na farko awon ƙofofi ne da tagogin mutane, da rubutunsa na fensir. Sauran fari ne tas, shi ya sa na ɗauka. Ba ni da wanda zan gaya wa, to bari in gaya wa takarda.

Yau kwanana arba'in da ɗaya a gidan nan. Kwana goma na ce zan yi. Kaya kala uku na zuba a jaka, su nake ta wankewa ina mayarwa.

Jiya da la'asar iska ta taso, ba ta fi minti biyar ba, ko ɗigon ruwa babu. Amma na ji kwanon rufi yana ɗagawa yana komawa kamar murfin tukunyar da ta tafasa. Baba ma ya ji. Idonsa na kan silin har ta lafa. Da hannunsa ya rufe gidan nan tun kafin a haife ni. Yanzu hannun yana kan cinyarsa kamar ajiyar wani, tun ranar da ɓarin jikinsa na dama ya daina amsa masa.

A rediyo sun ce saura mako uku ko huɗu manyan iskoki su fara.

Talata, ƙarfe biyu na rana

Da Baba ya yi barci na zaga gidan. Kwatar tsakar gida ta toshe da ganye da leda. Reshen mangwaro ya kwanto kan kicin. Tagar falo ba ta da sakata, da waya aka ɗaure ta. Na jingina tsani na hau mataki biyar, na leƙa sama. Ƙusoshi sun yi tsatsa, wasu sun fito kamar haƙoran tsoho. Da na danna katakon da ke bakin ɗakin Baba, yatsana ya shige. Gara ta gama da shi.

Na kira Yaya na faɗa masa. Ya ce in samo kafinta kawai, ƙarshen wata yana nan tafe. Haka ya ce wancan ƙarshen watan ma. Ina jin hayaniyar ofis a bayansa, wani yana dariya.

Laraba, ƙarfe takwas na safe

Maigidana bai kira ba. Ni ma ban kira ba.

Alhamis, ƙarfe biyar na yamma

Na kawo wani kafinta daga kasuwa. Yana jingina tsani Baba ya fara buga sandarsa a ƙarfen gado. Kalmomin da suka rage a bakinsa ba su fi biyar ba, kuma wadda ta fi fita sarai ita ce a'a. Ya yi ta maimaita ta har miyau ya jiƙa masa riga. Dole na sa mutumin ya sauko.

A bakin ƙofa mutumin ya ce min, ko da tsohon ya yarda, shi ba zai so ya taɓa rufin ba. Wai haɗin katakon ba irin na yanzu ba ne, a sarƙe yake, in ka zare ɗaya ba ka san me zai biyo baya ba. Ya ce in nemi Dogo na layin baya, ai a hannun Baba ya koya.

Kamar ban sani ba. Shekara goma sha huɗu Dogo ya yi a shagon Baba. A tsakar gidan nan yake cin abinci, shi yake kai ni makaranta a kan keke. Ranar da ya ce zai buɗe nasa shagon, Baba bai yi faɗa ba, ya dai karɓe gudumar da ke hannunsa ya rataye. Tun daga ranar ba a sake ambatar sunansa a gidan nan ba. Ko rasuwar Umma daga waje ya tsaya ya yi gaisuwa.

Asabar, ƙarfe goma sha biyu na rana

Ni da Maman 'yan biyu, maƙwabciyarmu, mun fasa kwata. Bokiti shida na baƙin laka muka kwashe, da takalmin yaro ƙafa ɗaya, da cokali. Ta ɗaga cokalin ta ce nata ne, shekara uku tana zargin mijinta da shi. Na yi dariya har na zauna a ƙasa. Daga ɗaki Baba ya buga sanda, na tashi da hannu duk laka.

Na samu yarinyata a wayar kakarta. Haƙorinta na gaba ya fita. Ta ce ta ajiye min a kwalin ashana in zo in gani. Ta tambaye ni ko Kaka ya warke. Na ce yana samun sauƙi.

Lahadi, ƙarfe tara na safe

Ina yi masa aski na ce, “Baba, ko a kira Dogo ya duba rufin?”

Ya juyar da kai bango, reza na hannuna, saura kaɗan in yanke shi. Rabin gemu aka aske. A haka ya wuni.

Talata, ƙarfe huɗu na yamma

Ranar asibiti. Bayan an gama yi masa gashin ƙashi likita ya ce in biyo shi baranda. Ya yi magana a hankali, yana kallon takardar gwajin da aka yi makon jiya, ba ya kallona. Ba zan rubuta ba.

A hanyar dawowa mai tasi yana ta labarin iskar bara, gida nawa ta yaye a unguwarsu. Na ce eh, na ce Allah ya kyauta. Baba ya yi barci a kafaɗata. Bai da nauyi ko kaɗan yanzu.

Laraba, ƙarfe bakwai na safe

Shugabar makaranta ta turo saƙo. Hutuna ya ƙare tun tuni, 'yan aji uku sun kusa jarrabawa ba malamar lissafi, tana so in faɗa mata rana. Na karanta sau uku na kife wayar.

Wanka, magani, shayi, juya shi, wanki, magani, juya shi. Daga gadonsa zuwa kicin taku goma sha tara ne. Na ƙirga ba da niyya ba.

Juma'a, ƙarfe uku na rana

Na bar Maman 'yan biyu da Baba na je shagon Dogo. Furfura ta fito masa. Ya gan ni ya ajiye abin da ke hannunsa, ya ce, “Auta.” Rabon da wani ya kira ni haka tun Umma na da rai.

Na yi masa bayani. Bai tambaye ni komai game da rufin ba, ya san shi. Ya ce da shi aka canja kwanon kicin, kuma tun lokacin ya ga katakon ɗakin Maigida yana shan ruwa, ya faɗa, aka ce masa ya yi abin da aka sa shi. Har yanzu Maigida yake ce masa.

Ya ce, “Ya san kin zo?”

Na ce a'a.

Ya daɗe yana goge hannu da tsumma. Sai ya ce Talata da Alhamis da muke asibiti, awa uku-uku, za su ishe shi ya yi falo da kicin da ɗakina. Ɗakin Maigida kuwa sai an yaye gaba ɗaya, wuni biyu cur, kuma ba zai yi shi a ɓoye ba. Ya ce akwai abin da mutum ba ya yi wa wanda ya koya masa riƙon guduma.

Na ce to. Me zan ce?

Talata, ƙarfe biyar na yamma

Mun fita tara, Maman 'yan biyu ta buɗe masa. Da muka dawo an share ko'ina, ko ɓurɓushin katako babu. An sare reshen mangwaro, an sa wa taga sakata. Na tura Baba a kekensa na marasa lafiya da sauri muka wuce tsakar gida, ina ta yi masa surutu don kada ya ɗaga kai. Ban taɓa yi masa ƙarya da baki ba, yau na yi masa da ƙafa.

Alhamis, ƙarfe shida na yamma

An gama falo da kicin da ɗakina. Yaya ya ce aiki ya riƙe shi, sai wani satin.

Asabar, ƙarfe ɗaya na rana

Ya gane.

Ni na jawo. Na fito da shi ya sha hantsi, na juya keken yana kallon ƙofar gida, na shiga ɗauko magani. Kafin in dawo ya ja ƙafarsa mai lafiya ya juya keken. Yana kallon bakin rufin kicin. Ni ban ga komai ba sai sabon katako. Shi ya ga yadda aka yanke bakinsa a karkace, aka lanƙwashe kan ƙusa ciki. Mutum biyu ne kawai suke yin haka a garin nan, ɗayan yana zaune a keken.

Bai buga sanda ba. Ya dube ni kawai. Da ma ya buga.

Na kawo abincin rana ya datse baki.

Lahadi, ƙarfe biyu na rana

Bai karya ba. Maganin ma ya tofar. Da Maman 'yan biyu ta shigo ta karɓi kwanon, ta ce masa in bai ci ba ita za ta cinye a gabansa, kuma ya san ta. Ya ci cokali bakwai daga hannunta. Ina tsaye a bayan labule.

Ni ce mai wanke shi. Ni ce mai tashi in ya yi tari. Ni kaɗai ce na zo.

Na rubuta na ji kunya. Ba zan goge ba.

Litinin, ƙarfe bakwai da kwata na safe

Maigidana ya kira. Mun gaisa kamar mutanen da suka haɗu a layin banki. Ya tambayi jikin Baba, na ce da sauƙi. Ya ce yarinya ta fara fitsarin kwance, abin da ta bari tun tana shekara uku. Ya ce mahaifiyarsa ta gaji, ita ma ƙafa na damunta. Sai ya ce, “Yaushe?”

Na ce, “In an gama rufi.”

Ya ce, “Rufi.” Ina jin numfashinsa. Ranar da zan taho ya faɗi wata magana a kan Yaya da a kan wanda ya kamata ya ɗauki nauyin nan, ni kuma na mayar masa da wadda ta fi ta zafi. Duk biyun suna nan tsakaninmu, ba wanda ya ɗauke tasa. Ya ce to sai an jima.

Talata, ƙarfe goma na safe

Mai tasi ya zo ya koma. Baba ya riƙe ƙarfen gado da hannun hagu, ya ƙi saki. Ba zai je asibiti ba, gadin ɗakinsa yake yi. Na aika wa Dogo kada ya zo.

Zafi kamar an rufe mu a tanda. Ganye ko motsi ba ya yi.

Laraba, ƙarfe huɗu na yamma

Na yi abin da zan iya. Takardun gida da na asibiti na ƙulle su a leda biyu na sa saman kabad ɗin falo. Na yi cajin fitilu. Na cika baho da jarkoki. Na kwashe duk abin da iska za ta iya ɗauka daga tsakar gida, har igiyar shanya. Na shimfiɗa katifa a falo na ce masa ya dawo nan na 'yan kwanaki, rufin falo sabo ne. A'a. Na ce don Allah. A'a. Na durƙusa a gaban gadon, na ce Baba katakon nan ya ruɓe, na sa yatsa ya shige. Ya rufe ido.

Na ɗaura tamfol a kan gadon daga ƙusar labule zuwa ƙusar agogo. Ya zama kamar rumfar mai kayan miya. Ya bar ni na yi, bai dube ni ba.

Hadari ya haɗu a gabas ya watse.

Alhamis, ƙarfe shida na yamma

Ya sake haɗuwa, ya sake watsewa. Gara ya zo a huta.

Asabar, ƙarfe takwas na safe

Jiya ne. Zan rubuta yadda ya faru tun ban manta ba.

Wajen ƙarfe huɗu gari ya yi jawur, sannan ya yi baƙi. Aka ɗauke wuta. Na rufe tagogi na shiga ɗakin Baba na zauna a bakin gado. Iska ta fara da yashi, tana watsa shi a kwano. Daga nan ban ƙara jin komai daban-daban ba, ƙara ɗaya ce kawai. Silin ya fara numfashi, yana hawa yana sauka. Kusurwar da ke saman kansa ta buɗe, na ga sama da idona, ta rufe, ta sake buɗewa. Ruwa ya zubo kan tamfol, ƙusar agogo ta fita, duk ya juye mana.

Na sa hannu ƙarƙashin hammatarsa in ɗaga shi. Ya riƙe ƙarfen gadon. Na ɓamɓare yatsunsa ɗaya bayan ɗaya, ina yi masa ihu, ban san me na ce ba. Na ɗago shi muka zame tare muka faɗi tsakanin gado da bango. Keken yana can ƙofa. Ƙafata ta maƙale a ƙarƙashin Baba. Mutumin da nake cewa bai da nauyi, na kasa motsa shi.

Ban ji buɗe ƙofar gida ba. Ganin mutum kawai na yi a kanmu, jiƙe sharkaf, goshinsa na jini. Dogo ne. Daga baya ya ce min tun da gari ya yi ja ya rufe shago ya zo ya tsaya a barandar Maman 'yan biyu yana kallon rufin. Laraba da Alhamis ma ya zo, ban sani ba.

Ya durƙusa ya ce, “Maigida, ka yi haƙuri, zan taɓa ka.” Ya saɓa shi a baya kamar yaro. Muna shiga falo muka ji ƙarar da ba zan manta ba. Rabin rufin ɗakin ya tafi. Da safen nan aka same shi a filin ƙwallo, layi biyu daga nan.

Mun zauna a falo mu uku har ruwa ya tsagaita. Na canja wa Baba kaya, yana rawar sanyi. Dogo yana tsugune a bakin ƙofa, bai shigo sosai ba, bai fita ba. Ko ɗigo ɗaya bai zubo a falon ba. Baba ya daɗe yana kallon silin. Sannan ya dubi goshin Dogo, ya dube ni, ya nuna akwatin magani da sanda.

Na wanke masa ciwon.

Lahadi, ƙarfe biyar na yamma

Tun bakwai Dogo ya zo da katako. Baba ya nuna ƙofa, na fito da shi tsakar gida. Na zaci kallo zai yi. Ashe aiki ya zo. Dogo ya ɗora katako, sanda ta bugi ƙasa. Ya matsar da shi, ta sake bugawa. Ya matsar kaɗan, shiru. Haka suka wuni. Sau ɗaya Baba ya sa shi ya zare ƙusa huɗu ya sake bugawa, mutum mai furfura da jikoki. Ya zare yana murmushi, ya ce min daga sama, “Kin gani ko, Auta? Shekara goma sha huɗu haka na sha.”

Da rana Baba ya ture kwanonsa wajen Dogo, sai da ya ga ya ɗiba sannan ya buɗe baki na ba shi. Daga hannuna.

Yaya ya ga hoton da na tura masa. Ya kira sau uku. Na ɗauka a na ukun. Ya ce Laraba zai zo, ya riga ya sayi tikiti. Na ce Allah ya kawo shi.

Talata, ƙarfe shida na yamma

An buga ƙusar ƙarshe da la'asar. Dogo ya sauko da tsani ya jingina shi a bayan kicin. Na tsaya a tsakar gida ina neman abin da ya rage a gyara, babu.

Na rubuta wa shugabar makaranta cewa ta nemi wata malamar zuwa ƙarshen zango. Na tura kafin in sake tunani.

Sannan na shiga kicin na rufe ƙofa na kira maigidana. Na ce an gama rufi. Ya ce to. Na ce amma ba zan dawo yanzu ba. Kafin ya yi magana na faɗa masa abin da likita ya ce a baranda, da adadin watannin da ya ambata. Ban taɓa furta shi ba sai yau, ko ga Yaya. Da na ji shi a bakina sai na zauna a kan buhun gawayi.

Sai ya ce, “Mako uku kina riƙe da wannan ke kaɗai?”

Na ce eh.

Ya ce, “Ni kuma ina nan ina ƙirga miki kwanaki.”

Na ce ina so in ga yarinyata. Ina so Baba ma ya gan ta tun yana gane mutane. Ya ce Asabar, motar farko.

Laraba, ƙarfe tara na safe

Yaya ya iso. Ya tsaya a ƙofar ɗakin Baba ya kasa shiga. Na ba shi tawul da ruwan ɗumi na ce ga shi nan, daga wuya ake farawa. Na fita na zauna a ƙofar gida minti ashirin, ba abin da nake yi. Motoci na wucewa.

Asabar, ƙarfe goma sha ɗaya da rabi na safe

Sun ce sun taso tun shida. Hanya ta lalace a wani wuri saboda ruwa, ana bi ta zagaye.

Na gaya wa Baba wanda ke zuwa. Ya nuna kabad, na buɗe, ya yi ta girgiza kai har sai da na ciro farar rigarsa da hular da yake zuwa ɗaurin aure da ita. Ta yi masa yawa yanzu, tana sauko masa har gira. Ya ƙi a cire. Ya sa Yaya ya tura shi har bakin ƙofar gida, rana na dukansa, ya ƙi a matsar da shi inuwa don daga nan ne ake hango kan layi.

Hadari yana haɗuwa a gabas. Na ɗora ruwan shayi.

Ga wata mota ta tsaya.